Makarantar lauyoyi ta Yale: wa take ɗauka, me take koyarwa, kuma sunan ya kai kuɗinsa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga ƙannenmu masu gama makarantar lauyoyi ta Bagauda da Bwari: yaya ake shiga makarantar lauyoyi ta Yale da ke Amurka, kuma da ita da Harvard wacce ta fi? Masana, a warware mana tun daga tushe, don da yawa suna zuba kuɗin fom ba tare da sun san ƙofar da suke ƙwanƙwasawa ba.

Malama Mai Alli:
Wa alaikumus salam. To ai ka faɗi matsalar da bakinka, ƙofofin ba ɗaya ba ne. A Amurka ba a fara karatun lauya daga sakandare kamar yadda muke yin LLB na shekara biyar. Sai ka gama digirin farko a kowane fanni, tarihi ne ko lissafi, sannan ka shiga JD, shekara uku. Wannan JD ɗin shi ne ainihin karatun lauyansu, kuma a kansa duk sunan da ake ji ya ginu. Yale tana ɗaukar kimanin mutum 200 a shekara, Harvard kimanin 560.

Ƙofa ta biyu LLM, shekara ɗaya, ta wanda ya riga ya yi digirin lauya. A nan bambancin ya fi fitowa. Harvard tana ɗaukar kusan 180 daga ƙasashe sama da 60, a cikinsu akwai lauyoyin kamfani, alƙalai, ma'aikatan gwamnati, masu fafutuka. Yale kuwa wajen 25 kacal take ɗauka a duk duniya, kuma ta faɗa baro-baro cewa shirin na masu niyyar koyar da shari'a ne a jami'a. Wanda ya rubuta musu cewa burinsa ya zama babban lauyan man fetur a Legas, ko da fas kilas biyu gare shi, ya kai kaya kasuwar da ba a sayensu.

Ƙofa ta uku JSD, wato digirin dakta, kuma a Yale sai wanda ya yi LLM ɗinsu ne yake iya nema.

Barista Na-Bwari:
Madalla da Malama. Bari in ɗauki ɓangaren JD, don akwai masu LLB da suke zaɓar su sake daga farko, kuma an yarda.

Abin da ake haɗawa: jarabawar LSAT (ta shiga makarantun lauyoyi) ko GRE (ta shiga karatun gaba da digirin farko), takardar sakamako ta jami'a, wasiƙun malamai aƙalla biyu, bayanin kai, takardar tarihin aiki, da wani gajeren rubutu na kalma 250 wanda Yale ta yi suna a kansa. In ban da makin GRE, duk ta hannun LSAC, hukumar da ke shirya LSAT, suke bi, ba kai tsaye ake tura wa makarantar ba.

LSAT makinta daga 120 zuwa 180 ne. Matsakaicin makin waɗanda Yale take ɗauka yana wajen 174 zuwa 175, ma'ana rabin ajin sun kai haka ko sun wuce. Tambayoyi kaɗan za ka faɗi ka sauko daga wannan layin. Tun Agustan 2024 aka cire sashen wasan lissafin tunani, wanda ake zana jadawali a jera mutane a kujeru. Yanzu sassa uku ake ba maki, biyu na auna hujja, ɗaya na fahimtar dogon rubutu, sai na huɗu na gwaji da ba a ƙirgawa amma ba za ka san wanne ne ba. Kowane sashe minti 35. Duk wanda aka ba shi tsohon littafin shiri ya duba shekararsa, kada ya ƙare wata biyu a kan abin da aka daina tambaya.

Ba a barin mutum ya yi ta maimaitawa: sau biyar cikin shekara biyar, sau bakwai a rayuwa, kuma makarantar tana ganin makin da aka ajiye duka. Ranakun da ake buɗe wa 'yan waje ba su kai na cikin Amurka yawa ba, don haka wanda ya yi sakaci ya rasa zama ɗaya yana iya rasa shekarar.

Daga cikin masu nema, kimanin huɗu zuwa shida cikin ɗari ake ɗauka.

Kawu Sarkin Musu:
Barista, duk wannan lissafin ina jinsa. Amma ɗan Najeriya ba shi da GPA, wato matsakaicin makin digiri, irin nasu na 4.0. Mai 4.6 bisa 5 fa, yaya za su auna shi da mai 3.9 na can?

Barista Na-Bwari:
Ba sa juyawa, Kawu. Idan digirinka na waje ne, LSAC ba ta fitar maka da lamba. Masu tantancewa ne suke duba takardar su sa mata ɗaya daga cikin hukunci huɗu: mafifici, sama da matsakaici, matsakaici, ƙasa da matsakaici. Abin da hakan yake haifarwa shi ne nauyin ya koma kan LSAT, domin ita kaɗai ce ma'aunin da za a jera ka da kowa a kai. Ɗan can mai 3.95 yana iya ɗan ramewa a LSAT sakamakonsa ya tallafe shi. Kai ba ka da wannan sandar dogarawa.

Malama Mai Alli:
Akwai abin da ya bambanta Yale da sauran wanda ya kamata a tsaya a kansa, don shi yake bayyana dalilin da ya sa wasiƙun da ake rubutawa a nan suke kashe takardun yara.

A yawancin makarantu ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai ne suke yanke hukunci. A Yale ofishin yana tacewa da farko, sannan a raba wani kaso na takardun ga malaman makarantar su karanta da kansu. Yadda ofishin ya taɓa bayyana tsarin, malamai uku ne suke karanta kowane fayil, kowa shi kaɗai, ya ba da maki daga 2 zuwa 4. Wanda ya haɗa 12 ya shiga, mai 11 yana da kyakkyawan zato, ƙasa da haka sai addu'a. To ka ga mai karanta takardarka farfesa ne, kuma tambayar da ke ransa ɗaya ce: ina son wannan a ajina? Zai iya rubutu? Zai iya jayayya da ni da hujja?

Yanzu ka ɗauko irin wasiƙar da aka saba bayarwa a nan. Layi huɗu. Na san wane tun yana aji biyu, yaro ne mai ladabi da biyayya, mai tsoron Allah, ina roƙon a ba shi duk taimakon da ya dace. Sai hatimi, sai jerin muƙamai da ya fi wasiƙar tsawo. Farfesan New Haven, garin da Yale take, bai samu komai a ciki ba. Abin da yake nema shi ne: na koyar da ita dokar shaida, ita ce ta biyu cikin ɗalibai 230, ta rubuta kundi a kan kaza, ta kawo hujjar da ta sa na sake duba matsayina a kan kaza, rauninta kaza ne kuma ta gyara. Shafi ɗaya da rabi zuwa biyu. Wasiƙar ƙaramin malamin da ya duba kundinka layi-layi ta fi ta kwamishina ko babban lauya mai SAN da bai taɓa karanta rubutunka ba. Yale da kanta tana cewa ta fi son wasiƙun malaman da suka koyar da kai.

Hanyar da ta fi aiki: ka je wa malamin wata biyu kafin lokaci, ka kai masa kwafin kundinka, sakamakonka a darasinsa, da bayanin shirin da kake nema. Kuma LSAC za ta tura masa saƙo ta imel ya ɗora wasiƙar da kansa. A nan ake yawan tuntuɓe: saƙon ya faɗa cikin tarkacen akwati, ko an ba da adireshin da malam ya daina buɗewa tun bara.

Ɗan Fagge:
Malama, rubutun kalma 250 ɗin fa? Me ake so a ciki?

Malama Mai Alli:
Ana so ka ɗauki wani ra'ayi ko wata mas'ala da ta dame ka daga karatunka ko aikinka, ka nuna yadda kake tunani a kanta. Ba tarihin rayuwa ba ne, wannan aikin bayanin kai ne. Kalma 250 ba ta isa a gyara duniya, don haka wanda ya ɗauko "cin hanci a Afirka" ya riga ya faɗi. Ka ɗauki abu ƙarami mai kaifi. Misali, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, amma a ƙauye har gobe mai unguwa da dattawa ne shaidar gona. Idan takardar gwamnati da shaidar dattawa suka ci karo, wacce ce doka a idon manomi, kuma me hakan yake nunawa game da ma'anar mallaka? Ka faɗi matsayinka, ka kawo hujja mafi ƙarfi da ke adawa da kai, ka amsa ta. Kada a wuce adadin ko da kalma ɗaya.

Kawu Sarkin Musu:
Ni fa har yanzu ban ga abin da ya sa ake rawar jiki ba. An ce makarantar ko maki ba ta bayarwa. Wace irin makaranta ce ba na ɗaya ba na ƙarshe?

Barista Na-Bwari:
Rabin gaskiya ne, Kawu. A zangon farko na JD, ci ko faɗuwa kawai ake rubutawa. Daga zango na biyu akwai matakai huɗu: yabo, ci, ci mai rauni, faɗuwa. Ba a lissafa GPA, ba a jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Harvard da Stanford ma sun koma irin wannan tsarin a wajajen 2008 da 2009.

Darussan dole kaɗan ne. A zangon farko akwai dokar tsarin mulki, dokar kwangila, ƙa'idojin gabatar da ƙara da sauransu, kuma ɗaya daga cikinsu ana yinsa ne a ƙaramin rukuni na mutum goma sha wani abu tare da farfesa ɗaya, a nan ake fara koyon rubutun lauya. Bayan haka kusan kai ne mai zaɓa. Amma akwai manyan rubuce-rubucen bincike guda biyu da dole ka yi ƙarƙashin kulawar malami kafin ka gama, kuma ɗaya daga ciki ana sa ran ya kusa kai matsayin abin bugawa a mujalla.

Abin da ya fi burge ni shi ne kilinik, wato inda ɗalibai suke riƙe shari'ar mutane na gaske ƙarƙashin lauya malami: masu neman mafaka, tsofaffin sojoji, masu haya da za a kora, ma'aikata baƙi. A yawancin makarantu sai shekara ta biyu ake bari. A Yale tun zango na biyu na shekarar farko ɗalibi yana iya shiga, har ya tsaya gaban alƙali, saboda ƙa'idar jihar Connecticut ta ba da dama.

Kawu Sarkin Musu:
To a nan ne zan kama ka. Idan babu jeri, kuma kowa ya ci, da me alƙali ko kamfani zai bambanta su? Gasar ba ta mutu ba, ɓuya ta yi. Ta koma wa ya samu shiga mujallar Yale Law Journal, wane farfesa ne ya san sunanka, wa zai ɗaga waya ya kira alƙali dominka. Ɗan da ubansa lauya ne a Washington ya san wannan tun ranar farko, ya san ofishin da zai je ya zauna. Ɗan talaka ko baƙo yana can ɗakin karatu yana haddace shari'o'i, bai san ana rabon nama a wani ɗaki ba. Jarabawa mai maki, duk da muninta, ba ta san ɗan wane ba.

Malama Mai Alli:
Wannan sukar tana da ƙafa, kuma ɗaliban makarantar da kansu sun daɗe suna yinta. Ba zan kare su ba. Abin da zan ƙara shi ne darasin da ke ciki ga namu: kunya da kawaici da muka taso da su, na kada ka dami malam, a can asara ce. Kowane farfesa yana da sa'o'in da yake zaune a ofis don ɗalibai. Wanda bai je ba, ba a ce yana da ladabi, ba a san da shi ba ne kawai.

Sai suka ta biyu da ake yi musu, cewa suna koyar da falsafar doka fiye da dokar kanta. Wannan tsohon gado ne. Tun shekarun 1930 makarantar ta zama matattarar masu ra'ayin cewa hukunci ba daga littafi kaɗai yake fitowa ba, har da halin alƙali da tattalin arziki da siyasar zamani, irin su William O. Douglas da Thurman Arnold. Daga baya Guido Calabresi ya shigo da awon tattalin arziki cikin dokar diyya. Don haka a aji ba a cika tsayawa kan me sashe kaza ya ce ba, an fi tambayar me ya sa, wa ya amfana, me zai faru in an canza. Ga wanda ya fito daga tsarinmu na kwafar bayanin malam a mayar masa ranar jarabawa, watan farko yana da zafi. Jarabawar ma sau ɗaya ce a ƙarshen zango, galibi dogon labari ne mai cike da rigingimu a ce ka zaƙulo matsalolin shari'ar da ke ciki ka yi hujja ta kowane ɓangare. Haddar ba ta ceto.

Dokar da ake buƙata don jarabawar zama lauya kuwa, bayan an gama ake biyan kamfanonin shiri a yi wata biyu ana tusa ta.

Baban Ilham:
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren suna. Ba a banza ake jin Yale ba. Cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka, huɗu daga can suka fito: Clarence Thomas, Samuel Alito, Sonia Sotomayor, Brett Kavanaugh. Huɗu daga Harvard, sai Amy Coney Barrett daga Notre Dame. Gerald Ford, Bill da Hillary Clinton, da JD Vance duk 'yan makarantar ne. In ka tuna ajinsu bai kai rabin na Harvard ba, sai ka ga nauyin abin. Haka a fagen koyarwa, babu makarantar da take fitar da malaman shari'a gwargwadon girmanta kamar Yale.

Hanyar da wannan suna yake bi ita ce aikin shekara ɗaya ko biyu a ofishin alƙalin tarayya bayan kammalawa, kana yi masa bincike da daftarin hukunci. Kada a haɗa shi da magatakardan kotu irin namu, wannan matsayi ne da ake kokawa a kansa, daga shi ake tsallakawa Kotun Ƙoli ko jami'a ko babban kamfani. Amma ga inda gizo yake saƙa: albashin gwamnatin tarayya a irin wannan aiki, a ƙa'ida, na 'yan ƙasa ne da masu katin zama da ke kan hanyar zama 'yan ƙasa. Mai bizar ɗalibi galibi ba ya ciki. Ke nan babban abin da Yale take sayarwa, baƙo ba ya iya saye.

Game da jerin gwanaye na mujallar U.S. News, Yale ta riƙe na ɗaya tun 1990 shekara da shekaru. A Nuwamban 2022 shugabar makarantar ta lokacin, Heather Gerken, ta ce sun daina ba mujallar bayanai, domin ma'aunin yana hukunta makarantar da ke tallafa wa masu aikin al'umma da masu ƙaramin ƙarfi. Harvard ta bi sahu a ranar, wasu da dama suka biyo. Mujallar ta ci gaba da jerawa da bayanan da ke fili, kuma a 2023 Stanford ta yi kunnen doki da Yale a sama.

Kawu Sarkin Musu:
Mai riƙe da kambu ne ya ce gasar ba ta da kyau bayan ya ci shekara talatin. Allah ya kyauta. Kuma kada a manta sunan yana da tabo ta wani gefen: a 2022, bayan hayaniyar da ɗalibai suka yi wa wasu baƙin masu jawabi, alƙali James Ho na kotun ɗaukaka ƙara ya ce ya daina ɗaukar 'yan Yale aiki, wata alƙaliya, Elizabeth Branch, ta mara masa baya. Masu ra'ayin riƙau suna ganin makarantar ta karkata hagu, masu ra'ayin sauyi suna ganin masana'antar 'yan gata ce.

Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Mu a Nijar tsarin Faransa muke bi, lisans shekara uku, masta shekara biyu. Ƙofar a buɗe take gare mu, ko sai masu tsarin Ingila?

Barista Na-Bwari:
A buɗe take, ɗan'uwa, ajin LLM cike yake da 'yan Jamus, Brazil, Faransa, duk masu irin tsarinku. Abu biyu ne za su ƙaru a kanka. Na farko jarabawar Turanci ta TOEFL: Harvard ta daɗe tana neman 100 bisa 120, kuma kada kowane sashe ya gaza 25, wanda yawanci sashen magana ne yake kayar da mutane. Na biyu fassarar takardu zuwa Turanci kalma da kalma, a haɗa da na asali.

Inda bambancin yake da nauyi shi ne jarabawar zama lauya ta jihar New York, wadda yawancin baƙi suke nema. Ƙa'idarsu mai lamba 520.6 tana duba abu biyu: tsawon karatunka ya kai na JD, kuma tushensa tsarin Ingila ne. LLM tana iya cike giɓi ɗaya daga cikin biyun, ba ta cike duka biyu. Ɗan Nijar yana da giɓin tushe tun farko, don haka dole tsawon karatunsa ya cika, kuma ya nuna karatun ya kai shi matsayin da ƙasarsa take buƙata don zama lauya.

Idan LLM ce za ta cike maka giɓi, ba kowane darasi za ka ɗauka ba. Kiredit (ma'aunin nauyin darasi) 24 a aji, ido da ido. A ciki dole 2 na ɗa'ar aikin lauya, 2 na bincike da rubutun shari'a, 2 na gabatarwa ga tsarin shari'ar Amurka, 6 daga darussan da ake tambaya a jarabawar. Wannan tarko ne musamman a Yale, inda ba mai tilasta maka komai: sai mutum ya cika jadawalinsa da taron ƙara wa juna sani a kan falsafa, ya zo watan Mayu ya tarar bai cancanci zama ba. Kuma ana tura takardu hukumar jarabawar ta tantance tun kafin 1 ga Oktoba ga mai son zaman Yuli na shekara mai zuwa, wato makonni kaɗan da fara karatu. Gara a fara tun ana gida. Masu digirin haɗaka na dokar Ingila da Shari'ar Musulunci, irin na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, su ma su tura da wuri tare da cikakken jerin darussa, don a ƙirga abin da za a ƙirga tun da sauran lokacin gyara.

Makin cin jarabawar ta New York 266 ne bisa 400, sai jarabawar ɗa'a ta MPRE da ake neman 85, sai gajeriyar jarabawar dokokin jihar, sai awa 50 na aikin taimako kyauta. Kuɗin zama ga mai digirin waje dala 750.

Malama Mai Alli:
Tunda an ambaci masu digirin Shari'a: kada su ɗauka wannan rauni ne a takardarsu. Yale tana da cibiyar Abdallah S. Kamel ta nazarin shari'ar Musulunci, Harvard tana da shiri na musamman a fannin ƙarƙashin Farfesa Intisar Rabb. Wanda ya karanta Mukhtasar da Tuhfa da Larabci, kuma ya san yadda kotunan Shari'a na jihohin Arewa suke aiki tun 2000, da yadda ɗaukaka ƙara take tafiya daga can har kotunan tarayya, yana riƙe da abin da 'yan ajin ba su da shi. Sharaɗin dai ya zo da tambayar bincike, ba wa'azi ba, ba kuma neman afuwa ba.

Don LLM ta Yale, abin da suka fi dubawa shi ne tsarin binciken da kake son yi da alamar cewa da gaske koyarwa za ka yi: kana koyarwa yanzu, ko ka buga maƙala ko da ɗaya ce mai kyau. Ana rufe karɓa a farkon Disamba. JD kuwa sai tsakiyar Fabrairu, kuma Yale ta ce turawa da wuri ba ya ƙara maka dama, saɓanin yawancin makarantu da suke cike gurbi tun kaka.

Baban Ilham:
Kuɗi fa, kada a tashi ba a faɗa ba. Kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, in an haɗa da ɗaki, abinci, inshorar lafiya da littattafai ana maganar dala 100,000 ko sama. JD sau uku ke nan. Yale da Harvard ba sa ba da tallafi don ƙwazo, sai don buƙata, domin kowa a wurin gwani ne. Za su nemi bayanin abin da kake da shi, da na iyayenka in ba ka kai shekara 29 ba, da na matarka ko mijinki. Kuma tallafin ba kyauta zalla ba ne, ana fara ɗora maka wani kaso na bashi, sannan kyautar ta cike sauran. Bashin gwamnatin Amurka ba a ba baƙo, sai na makaranta ko na 'yan kasuwa, kuma da ruwa a kansa. Wanda wannan ya dame shi ta fuskar addini ya yi fatawarsa tun kafin ya cika fom, ba bayan takardar karɓa ta zo gida ya ɗauki murna ba.

Yale tana da shirin COAP da ke taimaka wa tsofaffin ɗaliban JD biyan bashi idan albashinsu ƙarami ne, kuma tun 2022 akwai tallafin Hurst Horizon da ke ɗauke kuɗin makaranta gaba ɗaya ga ɗaliban JD daga gidaje marasa ƙarfi. A ɗaya gefen, a 2024 manyan kamfanonin lauyoyi na New York suna fara biyan sabon lauya dala 225,000 a shekara, shi ya sa ɗan JD yake iya ɗaukar bashin. Ɗan LLM kada ya yi lissafi da wannan albashin. Kamfanonin suna ɗaukar ma'aikatansu ne daga 'yan JD ta hanyar aikin bazara, ɗan LLM yana da izinin aiki na wata 12 kawai bayan karatu, daga nan sai cacar bizar aiki ta H-1B. Wanda zai dawo ya karɓi albashin lakcara da naira, ya auna bashin dala da kyau.

Kawu Sarkin Musu:
Kun ga mun dawo magana ta. Wanda zai yi aikin lauya a Kano ko Abuja, Yale ba ta ba shi lasisi. Ko JD ya yi, sai ya dawo ya yi Bar Part I, kwas ɗin masu digirin waje, a Bwari sannan ya shiga makarantar lauyoyi kamar kowa. Alƙalin babbar kotu ba ya tambayar inda ka yi masta in ka makara shigar da takarda.

Malama Mai Alli:
Ba wanda ya musa, Kawu. Amma wanda zai koyar, ko zai nemi aiki a hukumomin duniya da kotunan sasanci, ajin mutum 25 da damar wucewa JSD ba ƙaramin abu ba ne. Mai son harkar kamfani ya duba Harvard, Columbia ko NYU, ajinsu ya fi girma, darussan kasuwanci da haraji sun fi yawa.

Barista Na-Bwari:
Abu biyu kafin a rufe, Ɗan Fagge, don su suka fi cin mutane.

Biza. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da shigar 'yan Chadi da Sudan, a Disamba ta ƙara Nijar a wannan rukunin, ta kuma sa Najeriya a rukunin da aka taƙaita wa wasu bizoji, har da ta ɗalibai. Irin wannan umarni yana canzawa, don haka a duba matsayin da ake ciki a shafin ofishin jakadanci kafin a biya kuɗin LSAT da na LSAC, waɗanda kowannensu ya haura dala 200. Wanda aka ɗauka kuma biza ta tsaya, ya rubuta wa makarantar nan take ya nemi a ɗage masa gurbin zuwa baɗi.

Sai takardar sakamako. Dole jami'arka ce za ta tura wa LSAC kai tsaye, wadda ta biyo ta hannunka ba a karɓa, kuma ana buƙatar ta kowace makarantar gaba da sakandare da ka yi, har da ta makarantar lauyoyi. A jami'o'inmu wannan yana iya cin wata biyu zuwa uku, in yajin aiki ya faɗo kuma sai yadda hali ya yi, sannan LSAC ma tana ɗaukar makonni tana tantancewa. Mai neman Disamba ya fara bin fayil ɗinsa tun Yuli. Kuma a daidaita suna: fasfo ya ce Muhammad, digiri ya ce Mohammed, takardar kiran lauya ta sa sunan kaka a tsakiya, ranar haihuwa ta bambanta da ta WAEC. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ne ba, sai takardar ta zauna ba a haɗa ta da fayil ɗinka ba har ranar rufewa ta wuce. A buɗe asusun LSAC da sunan da ke kan fasfo harafi da harafi, a rubuta sauran rubutun sunan a gurbin tsofaffin sunaye, a sa lambar asusun a kan fom ɗin da jami'a za ta haɗa da takardar.